Fidar Roba Da Amanar Jariri: Tsakanin Sakaci Da Firgici

  

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, wani matashi da aka yi wa haihuwar fari ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Maiɗakinsa ta yi jinya bayan haihuwa, nono bai wadata ba, likita ya ce a haɗa wa jaririn da madarar gwangwani. Ana cikin haka sai wani saƙon murya ya shigo wayarsa, mai maganar yana rantsuwa cewa fidar roba guba ce, an hana ta a ƙasashen Turawa, mu ne kawai aka bari muna shayar da 'ya'yanmu da ita. Ya ce mini: "Malam, haramun ne mu ci gaba da amfani da ita? In wani abu ya sami yaron nan, alhakinsa yana kaina?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Tambayar tana da ƙafa biyu, ɗaya a fiƙihu, ɗaya a ilimin sinadarai, kuma malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci haƙiƙarsa. Na nemi bayanin masana, na auna shi da ƙa'idojin shari'a, ga inda na tsaya: fidar roba ba haramun ba ce a karan kanta, amma damuwar da ake nunawa a kanta tana da tushe. Hujjojin da ke ƙasa sun isa su sa magidanci ya canza yadda ake shayar da ɗansa, musamman da yake canjin ba ya cin kuɗi mai yawa. Sai dai akwai wani haɗarin da ya fi na roba kusa da jaririn, kuma bai halatta tsoron wannan ya jefa mu cikin wancan ba.

Mene ne ake tsoro a cikin robar?

Robobi iri-iri ne. Wadda aka fara ƙorafi a kanta ita ce mai tauri, garai-garai kamar gilashi, da ake kira folikabonet. Ana yin ta ne da wani sinadari mai suna bisfenol A, wanda aka fi sani da BPA. Wani masani ɗan Rasha, Aleksanda Diyanin, shi ya fara haɗa shi a 1891. A shekarun 1930 masana a Ingila suka gano cewa yana kwaikwayon aikin istirojin, ɗaya daga cikin sinadaran da jiki ke sarrafawa da kansa domin tafiyar da girma da balaga da haihuwa. Duk da haka, daga shekarun 1950 masana'antu suka rungume shi, domin robarsa ba ta fashewa da sauƙi, kuma ana shafe cikin gwangwanayen abinci da wani fenti da aka yi da shi.

Hankali ya dawo kansa ne ta hanyar wani kuskure. A 1998, a wata jami'a da ke jihar Ohayo ta Amurka, wata masaniya mai suna Patirishiya Hant ta lura cewa ƙwayayen haihuwar ɓerayen da take bincike da su sun fara samun tangarɗa ba zato ba tsammani. Da aka bi sawu sai aka gano cewa an wanke kejin ɓerayen da kwalaben shan ruwansu, waɗanda na folikabonet ne, da wani sabulu mai ƙarfi da bai dace ba. Sabulun ya cinye fuskar robar, BPA ya riƙa tsatsowa, ɓerayen suna sha. An wallafa sakamakon a 2003. Haka nan wani binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na shekarun 2003 zuwa 2004, ya tarar da sinadarin a fitsarin kashi 93 cikin 100 na mutanen da aka gwada. Wato ba ya tsayawa a jikin roba. Yana shiga jikin mutum.

Abin da ya sa aka fi jin tsoro ga jariri a fili yake. Idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, abin da yake sha a yini ya zarce na babba nesa ba kusa ba. Hantarsa, wadda ke da aikin tace irin waɗannan sinadarai, ba ta gama ƙwari ba. Gaɓoɓinsa kuwa a lokacin ake gina su, kuma saƙonnin da sinadaran jiki ke kaiwa su ke tsara ginin. Sannan abinci ɗaya yake ci, daga mazubi ɗaya, sau da yawa a kowace rana.

Saboda haka gwamnatoci suka fara ɗaukar mataki. Kanada ta sanar da aniyarta a 2008, ta kuma sanya BPA cikin jerin sinadarai masu guba a 2010. Tarayyar Turai ta hana fidar folikabonet a 2011, haka ma ƙasar Sin da Afirka ta Kudu a shekarar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta cire shi daga abubuwan da aka yarda a yi fida da su a 2012. Faransa ta faɗaɗa hanin zuwa dukkan mazuban abinci daga 2015. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai, EFSA, ta rage adadin da take ganin jiki zai iya ɗauka a kullum ba tare da illa ba har sau 20,000 daga wanda ta ajiye a 2015, kuma a ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta amince da hana shi a kayan da ke taɓa abinci gaba ɗaya.

Adalci ya wajabta in kawo ɗaya ɓangaren. Hukumar FDA ta bayyana cewa matakinta na 2012 ya biyo bayan daina amfani da sinadarin da masana'antun fida suka riga suka yi ne, kuma ta ci gaba da cewa ɗan abin da ake samu a abinci bai kai ga cutarwa ba. Hukumar auna haɗurra ta Jamus ma ba ta yarda da sabon ma'aunin EFSA ba. Mafi yawan hujjoji masu ƙarfi daga gwajin dabbobi suka fito. Don haka wanda ya ce duk yaron da ya sha madara a fidar roba ya cutu, ya faɗi abin da masana ba su faɗa ba. Wanda kuma ya ce zancen banza ne, ya yi watsi da abin da ya sa ƙasashe da dama suka canza dokokinsu.

Rubutun da ke jikin fida bai kashe magana ba

Yawancin fidojin da ake yi yanzu na wata roba ce daban, folifirofilin, wadda ba a yin ta da BPA, shi ya sa ake ganin rubutun Turanci "BPA free" a jikin kwalinsu. Wannan ci gaba ne, amma abubuwa biyu sun rage. Na farko, a wasu kayayyakin roba an maye gurbin BPA da 'yan uwansa, irin su BPS da BPF, waɗanda gwaje-gwaje suka nuna su ma suna kwaikwayon sinadaran jiki. Na biyu, a 2020 masana a Kwalejin Tiriniti ta Dablin, a ƙasar Ayilan, sun gwada fidojin folifirofilin, suka tarar cewa idan aka zuba ruwa mai zafin digiri 70 aka girgiza, ɓurɓushin roba da ido ba ya gani yana fita, har ya kai miliyan 16 a lita ɗaya, kuma adadin yana ƙaruwa sosai idan zafin ya ƙaru. Masu binciken da kansu sun ce ba a tabbatar da irin illar da wannan ɓurɓushi ke yi wa jiki ba tukuna, kuma sun roƙi iyaye kada su firgita. Abin da suka tabbatar shi ne yaron yana haɗiye shi.

Duk wanda ya lura zai ga abubuwa guda uku suna maimaituwa a labarin nan: zafi, da karcewa, da tsufan roba. To, mu dubi gidajenmu. Ana juye tafasasshen ruwa daga filas kai tsaye cikin fida, a zuba madara, a girgiza da ƙarfi. Ana dirje cikinta da soson ƙarfe da omo. Fidar da wa ya sha, ita ƙane zai gada, har ta dushe ta yi fari-fari. Wani lokaci ana shanya ta a rana tsaka, ko a bar ta cikin mota a zafin bazara. Idan yaro ya fara shan kunu, a faɗaɗa hudar kan fidar a ɗura masa da zafinsa. Ga kuma fidojin da ake kasawa a tire a kasuwa, ko ake tsinta cikin kayan gwanjo, babu sunan kamfani, babu alamar irin robar da aka yi su da ita. Dokar da aka kafa a Turai ba ta bin tsohuwar fida zuwa inda aka kai ta.

Me shari'a ta ce?

Wasu za su ce wannan ba maganar malamai ba ce. Amma littattafan fiƙihu da dama sun ware babi guda a kan mazubai, domin Musulunci bai raba abin sha da abin da aka zuba shi a ciki ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Jabir (RA), cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa rufe ƙorai da ɗaure bakin salkuna. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri (RA) hani a kan sha ta wajen da ƙwarya ta ɓalgace, kuma daga cikin hikimomin da malamai suka ambata akwai cewa wanki ba ya isa wurin sosai, datti yana maƙalewa. Fidar da ta kakkarce a ciki ta fi kowane mazubi dacewa da wannan bayani, domin a cikin karcen nan ne ƙwayoyin cuta ke ɓuya, kuma ta nan robar ke saurin zubar da abin da ke cikinta.

Ga mai cewa ai binciken Turawa ne, ba ruwanmu da shi, ina tunatar da shi hadisin Judama 'yar Wahbu (RA), wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya ruwaito. Annabi (SAW) ya bayyana cewa ya yi niyyar hana miji kusantar matarsa a lokacin da take shayarwa, saboda tsoron cutar da jariri, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yin haka kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya bar hanin. Mas'ala ce ta lafiyar jariri mai shan nono, kuma abin da aka duba shi ne abin da wasu al'ummu, waɗanda ba Musulmi ba, suka jarraba suka gani. Idan an karɓi jarrabawarsu wajen kore cutarwa, babu dalilin ƙin karɓar ta wajen tabbatar da ita.

Dalilin da ya sa ban ce haramun ba shi ne, asalin abubuwan amfani halacci ne, kuma haramtawa tana buƙatar cutarwa tabbatacciya ko wadda zato ya rinjaya a kanta. Kalmar haram ba abin wasa ba ce, kuma jefa ta a kan uwar da ba ta da wata hanyar ciyar da ɗanta zalunci ne. Amma hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka gina babbar ƙa'ida a kansa, bai ce a jira sai cuta ta auku ba. Idan masana masu yawa sun yi gargaɗi, kuma kauce wa abin yana da sauƙi, kuma wanda zai cutu ba shi da bakin kare kansa, to barin yin hattara sakaci ne da amana. Babba yana iya zaɓar wa kansa kasada. Jariri kuwa abin da aka sa masa a baki shi yake haɗiya. Tawakkali kuma bai taɓa zama hujjar barin sababi ba. Wanda ya zo da raƙuminsa, umartarsa aka yi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Kada a gudu daga zago a faɗa gidan damo mai dafi

Nan ne nake jin tsoron saƙonnin da ake yaɗawa a waya. Uwa za ta ji cewa zafi ne ke fitar da sinadari, sai ta daina tafasa fida, ko ta dama madara da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Wannan ya fi haɗari ƙwarai. Garin madarar gwangwani ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a ƙasarmu, kuma tana iya kayar da jariri cikin kwana ɗaya ko biyu. Illar sinadari abu ne da ake tsoro a tsawon shekaru. Illar ruwa mara tsabta kuwa ta yau ce. Ƙa'idar malamai ita ce, idan cuta biyu suka haɗu ana kauce wa mafi girma, kuma ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Alhamdu lillahi, a nan ba sai an zaɓi ɗaya ba. Ana iya tafasa ruwa, a kuma raba zafin da roba.

Mafita ta farko ita ce wadda Allah ya tanada. Alƙur'ani, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga mai son cikawa, ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uba. Likitoci suna kira a ba jariri nono zalla wata shida na farko, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Nonon uwa ba ya buƙatar mazubi, ba ya buƙatar tafasawa. Sau da yawa abin da ke raba yaro da shi ba ƙin uwa ba ne. Yunwa ce, da gajiya, da aikin da ba a rage mata ba. Maigidan da ke sayen gwangwanin madara duk mako amma bai damu da abin da mai jego ta ci ba, ya sa kuɗinsa inda bai kamata ya fara sawa ba.

Duk da haka akwai marayu, akwai uwar da ke jinya, akwai wadda likita ya hana ta shayarwa, akwai 'yan biyu da 'yan uku. Babu laifi a kan waɗannan, kuma bai dace a riƙa yi musu gori ba. Ayar da ta yi maganar shayarwa ita ce ta halatta a nemi wata mace ta shayar, kuma Annabi (SAW) da kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Wannan ƙofa a buɗe take, da sharaɗin a duba lafiyar mai shayarwar a asibiti, a kuma kiyaye sanin wa ya sha nonon wa saboda hukuncin aure.

Idan kuwa madara ce ta zama dole, ga abin da nake ba da shawara, bisa bayanin masana. Wanda ya sami hali ya sayi fidar kwalba ko ta ƙarfe mara tsatsa. Wanda bai samu ba, ƙaramin kofi mai tsabta ya wadatar. Ma'aikatan lafiya suna koya wa iyaye shayar da jariri da kofi, kuma ya fi fida sauƙin wankewa. Idan ta roba ce a hannu, a juya ƙasanta a duba: lamba 5 ko haruffan PP sun fi aminci, lamba 7 tare da haruffan PC ita ce folikabonet, a guje ta, wadda ba ta da wata alama kuwa a bar ta a kasuwa. A tafasa ruwa a tukunya ko butar ƙarfe, a bar shi ya ɗan huce na abin da bai wuce rabin awa ba, a dama madarar a kofin tangaran ko na ƙarfe mai tsabta, a rufe, sai ta huce sannan a juye a fida. Bayan an tafasa fidar domin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ta ta huce, a ɗauraye ta sau uku da tafasasshen ruwan da ya yi sanyi. Kada a ɗumama madara a cikin roba, kada a dirje ta da soson ƙarfe, kuma duk wadda ta dushe ko ta karce a jefar da ita. Ragowar madarar da ta wuce awa biyu a zubar. Wannan ƙa'ida ta raba zafi da roba ta shafi kunu da koko da alalen da muke ƙullawa a leda da zafinsu, musamman wanda za a ba yara.

Alhakin a kan wa yake?

A al'adarmu, da zarar yaro ya yi ciwo uwa ake kallo. Amma hadisin Ibnu Umar (RA) ya sanya kowa makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa, kuma ya ambaci shugaba da magidanci kafin ya ambaci mace. Maigida ne ke zuwa kasuwa sayen kayan haihuwa. Muna kashe dukiya a ragon suna da ɗinkuna da abincin taro, sannan idan aka zo kan mazubin da yaron zai sha daga gare shi sau da yawa a kullum, sai mu nemi mafi araha. 'Yan uwa masu kai kayan barka ma su sani, fida ɗaya mai inganci ta fi saiti guda na tarkace.

Ɗan kasuwa shi ma yana da nasa kason. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa a kan ɓoye aibi, ya kuma barranta daga mai algus. Wanda ya san kayansa jabu ne, ko ya liƙa musu takardar da ke cewa babu sinadari alhali bai san haka ba, ya shiga wannan gargaɗi, kuma wanda ya yaudara a nan jinjiri ne.

Hukuma kuwa, malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji kukan wani yaro da dare, ya tarar uwarsa tana ƙoƙarin yaye shi da wuri saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Nan take ya canza tsarin, ya sa a riƙa ba kowane jariri tun daga haihuwa. Ya fahimci cewa tsarin da shugaba ya shimfiɗa yana isa har bakin jariri. Muna kira ga NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON su sa ido a kan fidojin da ke shigowa kasuwanninmu, su tilasta bayyana irin robar da aka yi su da ita, su kuma yi wa jama'a bayani da harsunan da suke ji. Talaka ba shi da ɗakin gwaji a gidansa. Masu ɗaukar mata aiki su ma su ba mai jego hutu da damar shayarwa, domin da yawa ba su koma ga fida ba sai don aiki ya tilasta musu.

Da matashin nan ya dawo, na ce masa: abin da ya wuce ba ka da laifi a kansa, domin Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, kuma kada ka ɗaga hankalin iyalinka. Amma yanzu ka sani. Ka sayi ta kwalba in kana da hali, ka koyi yadda ake dama madarar da kanka, ka kula da cimar maiɗakinka ko Allah zai sa nonon ya dawo, kuma duk abin da ya shige maka duhu ka koma wa likitan da ke duba yaron. Saƙon da aka turo maka kuwa, kada ka tura wa kowa sai ka tabbatar da abin da ke cikinsa.

Allah ya raya mana zuriyarmu cikin lafiya da imani, ya ba mu ikon sauke amanarsu. Allah ne mafi sani.